Dalilin da ya sa tsofaffin fina-finan Amurka ba sa faɗa a fili

Malam, ka tambaya me ya sa ake cewa wani jarumi a tsohon fim ɗan luwaɗi ne, alhali fim ɗin bai taɓa faɗa ba. Ai dokar tace fina-finai ce ta hana, wadda ake kira Hays Code. An rubuta ta a 1930, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934 a hannun Joseph Breen, shugaban ofishin tace fina-finan, kuma ta haramta ko da shaguɓe ne a kan lamarin. Sai daraktoci suka koma ishara.

Dubi The Maltese Falcon na 1941. Kafin wani mutum mai suna Joel Cairo ya shigo ofis, sakatariya ta kawo katinsa, jarumin fim ɗin, Humphrey Bogart, ya shinshina, ta ce ƙamshin furen gardenia ne. Daga nan Peter Lorre, wanda ya fito a matsayin Cairo, ya shigo yana shafa sandarsa a hankali. Masu kallo na wancan zamani nan take suka gane. Abin da ke damuna shi ne, irin wannan mutum kusan kullum mugu ne ko abin dariya, kamar makasan nan biyu na Rope, fim ɗin Hitchcock na 1948.

Ka nemi Victim na 1961, na Ingila. Dirk Bogarde ya fito a matsayin lauya da 'yan barazana ke neman tona wa asiri, a lokacin da luwaɗi laifi ne a ƙasar. Shi ne fim na farko cikin Turanci da ya ambaci kalmar "homosexual", wato ɗan luwaɗi, kuma hukumar tace fina-finan Amurka ta ƙi ba shi hatimin amincewa. Ingila ta sauya dokarta a 1967, Hays Code kuwa ta faɗi a 1968.