Shin homiyofati maganin gargajiya ne na Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta shekara shida tana shan maganin hawan jini. Kwanan nan maƙwabciyarmu ta kawo mata wasu 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi a ƙaramar kwalba, wai homiyofati, maganin gargajiya ne na Turawa, kuma ba ya da illa. Hajiya har ta fara maganar ajiye na asibiti. Ni dai na san jiƙo da sassaƙe suna aiki, to wannan fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada ta ajiye maganinta ko na kwana ɗaya. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce sanarwarsa ta farko.

Maƙwabciyarku ta haɗa abubuwa biyu da ko hanya ba ta haɗa su ba. Homiyofati ba gadon kaka da kakanni ba ne. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya fito da shi a 1796, bisa tunanin cewa abin da ke jawo alamun cuta a jikin mai lafiya shi zai warkar da ita idan aka tsinka shi sosai. Duba kwalbar, wataƙila ki ga an rubuta 30C. Ma'anarsa an ɗauki ɗigo ɗaya an zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko sinadarin barasa, an jijjiga, an ɗebi ɗigo ɗaya daga nan an sake haka, har sau talatin. Tun wajen zagaye na 12 da wuya a sami ko ƙwayar zarra ta abin da aka fara da shi. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan ƙwayar sukari. Zaƙin da Hajiya ke ji ke nan, kuma dalilin da ya sa ba ya da illa ke nan: babu komai a ciki.

An gwada shi ba sau ɗaya ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta tace nazarce-nazarcen da aka yi, ba ta sami cuta ko ɗaya da ke da ingantacciyar shaidar cewa homiyofati na maganinta ba. Faransa, inda ya yi kasuwa sosai, ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar lafiya a farkon 2021. Masu cewa sun ji sauƙi ba ƙarya suke yi ba. Mura da ciwon kai kan tafi da kansu, kuma wanda ya sa rai zai warke yakan ji dama-dama.

Sassaƙe da saiwa kuwa akwai abu a cikinsu, shi ya sa ba na raina su. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona aka ciro shi a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke rubutawa yau ya samo asali ne daga wani nau'in tazargade, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tato sinadarinsa, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. A Abuja ma, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, ta haɗa maganin Niprisan na masu sikila daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi. Duk sai da aka auna su, aka san nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa. Nan jiƙon galan ke da matsala. Ƙarfin ganye na bambanta daga damina zuwa rani, kuma “kofi ɗaya safe da yamma” ba awo ba ne. Ƙoda da hanta ke ɗaukar nauyin. Na taɓa duba wata dattijuwa da fuskarta ta yi suntum, sukarinta ya hau, bayan wata uku tana shan garin sanyin ƙashi da ta saya a tasha. Alamunta duka na mai shan deksametason ne, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi, ba bisa ƙa'ida ba, ita kuwa ganye zalla aka ce mata.

Ko lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya, galibi shaida ce ta cewa an duba ba ya cutarwa, ba shaidar yana warkar da abin da aka lissafa a kwalin ba.

Idan Hajiya na son wani abu na gida, zoɓo marar sukari na ɗan sauke jini, an gani a gwaje-gwaje, amma ƙari ne kawai, kuma likitanta ya sani. Ku rage mata gishiri da dunƙule a miya, ku riƙa auna jinin kuna rubutawa. Ranar asibitinta ku tafi da takardar da kwalbar duka.