Zan iya haɗa koyar da masu ciki da aikin dula?

'Yar uwa, tambayarki ita ce ko za ki iya koyon biyun tare, kuma wanne za ki fara. Eh ana haɗawa sosai, amma ni dai shawarata ki fara da aikin dula (wato 'yar rakiyar mai naƙuda) tukunna, don wacce ba ta taɓa kwana a gefen mai naƙuda ba da wuya ta tsaya gaban masu ciki ta yi musu bayanin da zai shige su.

Ki sani dula fa ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ba ta auna hawan jini, ba ta ba da magani ko allura. Aikinta ta zauna da mai naƙuda tun farko har ta sauka, ta danna mata baya, ta tuna mata yadda za ta ja numfashi, ta taimaka mata ta canza kwanciya ko ta ɗan taka, ta kwantar mata da hankali ita da mijinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2018 ta ba da shawarar a bar mace da wanda ta zaɓa a kusa da ita lokacin naƙuda, kin ga abin ba wasa ba ne.

Ƙungiyar DONA da aka kafa a Amurka a 1992 tana horar da dula, sai kin yi kwas kuma kin halarci haihuwa da kanki kafin ki samu satifiket. Ɓangaren koyarwa kuwa akwai ƙungiyar Lamaze, su har jarrabawa ake zaunawa. Ƙungiyar CAPPA kuma tana yin duka biyun.

Kafin ki biya kuɗi ki tambayi asibitin da ke kusa da ke ko suna barin 'yar rakiya ta shiga ɗakin haihuwa, don wasu ba sa bari.