Amsoshin Wasiƙunku: Gasar Kyauta Tana Sayar da Littafin Waya Kuwa?

Wasiƙun wannan makon daga marubutan Abuja da kewaye suka zo, masu fitar da littattafansu da kansu suna sayarwa ta waya ba tare da kamfanin ɗab'i ba. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala littafina na farko, babi 40, ina so in sayar da shi naira 1,000 ta WhatsApp da Telegram. Ƙawata ta ce in sa gasa, wanda ya ci in ba shi waya, wai haka ake tara jama'a. Naira 60,000 na ware. Ta ina zan fara?
Daga wata marubuciya a Kubwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Abu na farko, ki fasa sayen wayar nan. Ƙawarki ta yi gaskiya, waya tana tara jama'a, amma wace irin jama'a? Duk mai son waya zai zo, har wanda rabonsa da karanta labari tun yana firamare. Ranar da aka faɗi wanda ya ci kowa zai kama gabansa, a bar ki da zauren WhatsApp maƙil da lambobin da ba za su taɓa sayen littafi ba. Kyautar gasa kamar tsaba ce, irin wadda kika watsa ita ke zaɓar tsuntsun da zai sauka. Saboda haka ki fi karkata ga abin da mai karatu ne kawai zai yi wa rawar jiki: littafin kansa, alƙawarin littafinki na gaba kyauta, ko a raɗa wa wata tauraruwa ta labari mai zuwa sunan wadda ta ci. Wannan na ƙarshe ko sisi ba zai ci miki ba, kuma masu karatu suna ji da shi ƙwarai.

Sai lissafi. Naira 60,000 a littafin naira 1,000 na nufin sai kin sayar da kwafi 60 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ga yadda muke ganin ya dace a raba su: 25,000 kyautar kuɗi ga mutum uku (12,000, 8,000 da 5,000), 20,000 talla, 5,000 ga mai zana fosta, 10,000 kuma ki ajiye sai bayan an rufe gasa. Ki ƙara da kwafi goma kyauta ga waɗanda suka biyo baya. Kuɗin tallar kada ki danƙa wa mutum ɗaya. Ki raba wa masu zauruka huɗu ko biyar na masu karatun littattafan Hausa, kuma kafin ki biya ki nemi shiga zauren ki gani da idonki ko ana hira, domin akwai zauren da mutanensa sun haura 900 amma ba mai cewa uffan a cikinsa sai mai shi.

Abin da za a yi kafin a shiga gasar shi ne zuciyar aikin. Ki saki babi uku na farko kyauta, ki tabbata na ukun ya tsaya daidai inda mai karatu zai matsu ya ji abin da ya biyo baya. Sai ki yi tambaya biyu. Ta farko mai amsa ɗaya tak, wadda ba a samunta sai an karanta har ƙarshen babi na uku, misali abin da aka tsinta a cikin akwatin amarya. Ta biyu ta buɗe: me kake ganin zai faru a babi na huɗu, a kalmomin da ba su wuce 100 ba. Ta farkon tana tace waɗanda ba su karanta ba, ta biyun ita alƙalai za su auna. Wanda ya zauna ya ɓata minti ashirin yana hasashen makomar taurarinki, ya riga ya kamu, ko ya ci ko bai ci ba yana so ya san ko hasashensa ya yi daidai.

Kada a karɓi amsa a cikin zaure ko ƙarƙashin rubutun Facebook. Mutum na farko da ya rubuta amsar daidai ya ba kowa satar amsa. Ki buɗe fom a Google Forms, kyauta ne, a sa suna, gari, lambar WhatsApp, amsoshin biyu, da tambayar "a ina ka ga tallar gasar?" Da wannan tambaya za ki san zauren da ya kawo miki mutane da wanda ya ci kuɗinki a banza. A ƙasa ki sa gurbin da mutum zai danna idan ya yarda ki riƙa aiko masa da labarin littattafanki.

Kwana bakwai zuwa goma sun isa. Gasar wata guda mutuwa take yi a tsakiya, mutane su manta. Tunda garin ma'aikata kike, ki daidaita ranar rufewa da lokacin da albashi ke shiga, ki kuma kauce wa goman ƙarshe na azumi da makon Sallah, lokacin da hankali da aljihu duk suna wani wuri.

Akwai ramin da kusan kowa ke faɗawa: da zarar an ji cewa littafin na cikin kyaututtuka, ciniki sai ya tsaya cak, kowa yana jiran ko zai samu a kyauta. Maganinsa layi ɗaya ne a cikin ƙa'idoji, cewa duk wanda ya riga ya saya kuma ya ci, za a mayar masa da kuɗinsa, kyautarsa kuma tana nan. Dole littafin ya kasance a shirye tun ranar farko, da lambar asusu ko shafin biya irin na Selar, kada mai ɗokin saye ya ji "sai mako mai zuwa".

Ribar gasa kuwa a kwana biyun da suka biyo bayan sanarwar waɗanda suka ci take. A ranar ki aika wa duk wanda bai ci ba, cikin waɗanda suka yarda a tuntuɓe su, saƙon godiya, da ragi na awa 48, a ce naira 700 maimakon 1,000. Naira 10,000 da kika ajiye a nan za su yi aiki, a sake tallata sanarwar tare da amsar da ta zo ta ɗaya. A ce mutum 200 suka shiga, 40 suka saya a kan 700, naira 28,000 ke nan. Kin ga ba lallai gasar farko ta dawo da kuɗinta duka ba. Sauran yana cikin sunayen nan na mutanen da kika tabbatar sun karanta babi ukunki, waɗanda za ki sanar wa littafi na biyu ba tare da kin sake biyan kowa kuɗin talla ba.

TAMBAYA: Ina da littafin koyar da lissafi ga 'yan sakandare. Na yi niyyar duk wanda ya saya in ba shi lamba, ƙarshen wata a yi ƙuri'a a fitar da mutum ɗaya ya karɓi naira 100,000. Wani abokina ya ce caca ce. Haka ne? Kuma sai na nemi izini?
Daga wani malamin makaranta a Gwagwalada

AMSA: Malam, abokinka bai yi nisa da gaskiya ba. Abu uku idan suka haɗu ake shiga wannan matsala: an biya kuɗi, sa'a ce ke fitar da gwani, kuma akwai kyauta. Tsarinka ya haɗa duka ukun. A wajen malamai akwai saɓani. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun halatta da sharaɗi biyu: kada a ƙara farashin kaya saboda gasar, kuma mai saye ya kasance kayan yake buƙata ba kyautar ba. To, ka auna da kanka. Littafin naira 1,000 da kyautar 100,000, za a sami wanda zai sayi kwafi goma don ya tara lambobi, alhali fayil ɗaya ne ake turo masa sau goma. Sharaɗi na biyu ya rushe ke nan.

Ta fuskar doka ma Abuja ta bambanta da sauran wurare. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar loteri ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki a jihohi, harkar ta koma hannun kowace jiha, amma tana nan daram a Babban Birnin Tarayya. Gwagwalada na ciki. Da a Mararraba kake, maganar jihar Nasarawa ce. Hukumar da ke kula da loteri ita ke ba da izinin ƙuri'ar da ake haɗawa da talla, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana rajistar irin waɗannan garaɓasa kuma tana karɓar ƙorafin wanda aka yi wa alƙawari ba a cika ba. Ga mai littafi ɗaya, zirga-zirgar neman izini ta fi ribar yawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka cire biyu daga cikin ukun nan. Shiga ta zama kyauta, basira kuma ta fitar da gwani. Littafinka ma ya dace da haka: ka saki babi ɗaya, ka ba da lissafi biyar daga cikinsa, a turo hoton yadda aka warware a takarda, malamai biyu da ba 'yan'uwanka ba su duba. Idan an yi kunnen doki, wanda ya riga turowa shi ne gaba, fom yana rubuta lokacin da kowace amsa ta shigo. Tunda yara ne, da lambar iyaye ko ta malaminsu za a shiga, kuma su ne masu sayen littafin daman. Kyautar ma ka rage ta, kalkuleta da kayan lissafi da kuɗin rajistar jarrabawa sun fi tsabar 100,000 jawo mutanen da kake nema.

TAMBAYA: Na yi gasa a Facebook, na ce wanda hotonsa ya fi samun masu danna alamar so shi ya ci, kuma kowa ya ambato abokai goma. An yi cincirindo, amma kwafi huɗu na sayar. Aka zarge ni da son kai, sannan littafin ya bazu a zauruka kyauta. Ina kuskuren yake?
Daga wata 'yar'uwa a Lugbe

AMSA: Sannu, 'yar'uwa. Kuskuren tun daga tushe ne: a duk gasar babu inda aka buƙaci wani ya buɗe littafin. Hotunan mutane aka tallata, ba labarinki ba. Gasar yawan dannawa kuma ta mai yawan dangi ce, ko mai kuɗin sayen asusun bogi, kuma ba ki da hanyar tantancewa, shi ya sa ba a rabuwa lafiya. Ban da haka, ƙa'idojin Facebook sun hana a sa ambaton abokai ko yaɗawa a shafin mutum ya zama sharaɗin shiga gasa, kuma suna buƙatar a rubuta ƙarara cewa ba Facebook ne ya shirya ko ya ɗauki nauyin gasar ba.

Zargin son kai da rubutattun ƙa'idoji ake toshe shi, tun kafin a fara: wa zai iya shiga, rana da ƙarfe nawa za a rufe, su wa za su yi alƙalanci, me za su duba, yaushe za a biya, kuma 'yan gidanku ba sa ciki. Da an fara ba a sauya ko harafi ɗaya, ko da mutane sun yi ta roƙon ƙarin kwana. Alƙalai a ba su amsoshi da lamba kawai, ba suna.

Bazuwar littafi ba ta da magani na dindindin, amma ana rage ta. Kada a tura fayil guda ga kowa. Kowane kwafin PDF a buga sunan mai shi da lambarsa dishi-dishi a tsakiyar kowane shafi, har da kwafin waɗanda suka ci gasa, domin abin da aka samu kyauta ya fi saurin fita. Telegram yana da saitin da ke hana turawa da adana abin da aka sa a rufaffen zaure, sai dai ba ya hana mutum ɗaukar hoton shafi da wata wayar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka sa a intanet, za ki iya rubuta wa mai zauren ya cire, idan ya ƙi ki kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

TAMBAYA: Lambobin da na tara a gasa, zan iya zuba su duka a zaure ɗaya? Kuma yaya zan biya waɗanda suka ci?
Daga wani marubuci a Dei-Dei

AMSA: A'a, Malam. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora amfani da lambar mutum a kan abin da ya amince da shi, wanda ya ba ka lamba don gasa bai ce ka jefa shi zaure ba. Kuma idan mutane da yawa suka kai ƙarar lambarka, WhatsApp na iya rufe ta. Ka aika musu gayyata, mai so ya shiga da kansa. Jerin aika saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba, don haka ka roƙi a adana ta tun a cikin fom.

Wajen biya ka yi hattara da 'yan damfara, masu ɗaukar hoton bangon littafi su buɗe lamba suna kiran mutane wai sun ci, su turo kuɗin rajista. Ka rubuta a fosta cewa daga lamba ɗaya kawai za a kira, kuma ba a biyan ko kwabo kafin karɓar kyauta. Kada ka taɓa wallafa lambobin waɗanda suka ci, suna da gari sun isa. Ka biya cikin kwana uku, a asusun da sunansa ya yi daidai da na fom, ka nuna shaidar biya bayan ka rufe lambar asusun. Idan kaya ne za a kai wani gari, a ba direba a tashar Jabi ko Zuba, kuɗin mota a kanka, ka tura wa mai kyautar lambar direban da ta motar kafin ta tashi.