Hukuncin motar gas da ƙarfinta ya ragu bayan gyaran kamfani

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direba ne, ina lodin Yola daga Gombe. Wata biyu ke nan da na sayi ƙaramar bas mai shan gas, tokumbo, a hannun wani dila a cikin gari, ya rubuta mini garantin wata uku a kan inji da giya. Ranar gwaji mota lafiya lau. Da na fara aiki sai na ga in ta cika da fasinja ba ta iya hawa, sau biyu tana kunna wutar gargaɗi a gabana wajen Kaltungo ta koma tafiyar hawainiya, ga shan mai. Bakanike ya jona mata kwamfuta, ya ce tana cikin motocin da aka yi wa kiranye a Turai, wato aka mayar da su kamfani saboda hayaƙi, aka sake musu manhajar birenbos, kwamfutar da ke sarrafa inji, kuma bawul ɗin hayaƙinta ya cushe. Shawararsa a toshe bawul ɗin, a fasa rariyar da ke cikin salansa, a sake mata manhaja. Dila kuwa ya ce tokumbo yadda ka gani haka ka saya, kuma ranar da aka taɓa birenbos garanti ta tashi. Malam, ina da haƙƙin mayar masa? Ya halatta in bi shawarar bakanike? In kuma na gaji na sayar, dole sai na faɗa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malamai suna cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, don haka bari mu fara da asalin wannan kiranye. Ba ka faɗi ƙirar motarka ba, amma labarin da ya fi shahara shi ne na Volkswagen. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin ya saka wa motocinsa na gas wata manhaja mai gane lokacin da ake gwada mota. In ana gwaji sai ta tsaftace hayaƙinta, in ta hau titi sai ta saki, har iskar gubar da take fitarwa ta kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin da bakinsa ya ce motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya, shugabansa Martin Winterkorn ya sauka a cikin wannan watan. A Amurka aka yi sulhu na dala biliyan 14.7 a 2016, aka ba masu motoci zaɓin kamfani ya saye abinsa. A Turai kuwa kiranye aka yi, aka sabunta manhaja. Ba su kaɗai ba ne, a 2018 hukumar motoci ta Jamus ta sa aka yi wa motocin Mercedes 774,000 kiranye a Turai.

Da na fara jin labarin nan, abin da ya faɗo mini shi ne hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya hana ɗaure hantsar raƙuma da tumaki. Mutum ya ƙi tatsar dabba kwana biyu ko uku, hantsa ta cika fam, ya kai ta kara, mai saye ya zaci haka take kullum. Annabi ya ce wanda ya saya yana da zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe, ko ya mayar haɗe da sa'i ɗaya na dabino. Injiniyoyin can ba su zo da sabon abu ba, hantsa suka ɗaure, sai dai tasu ta kwamfuta ce. Algus ne, haramun ne, ko an yi wa Musulmi ko an yi wa wanda ba Musulmi ba.

To amma kai, ɗan'uwa, ba da kamfani ka ƙulla ciniki ba. Shi kamfanin ma alkawarin da Volkswagen ya yi wa mutanen Turai na duba lalacewar wasu sassa bayan gyaran, iyakarsa wata 24 ne, ga motar da ba ta wuce kilomita 250,000 ba. Yawancin abin da ke iso mana ta Kwatano ko Legas ya daɗe da fita daga wannan. Abokin shari'arka shi ne dilan da ya karɓi kuɗinka.

Ana mayar da kaya saboda aibi in abu uku suka haɗu: aibin yana rage daraja a idon 'yan kasuwar wannan kaya, yana nan tun kafin ciniki, kuma mai saye bai san da shi ba. Na farko da na uku ba su da wuya a maganarka. Bas ɗin haya da ba ta hawa da fasinja kowa ya san ta ragu, kai kuma ba ka sani ba. Na tsakiyar nan ne gizo ke saƙa, kuma ina so ka saurare ni da kyau, don ba duk abin da zan faɗa zai yi maka daɗi ba.

Kasancewar an yi wa mota kiranye an sabunta mata manhaja, wannan shi kaɗai ba aibi ba ne, gyara ne. Akwai dubban motoci da aka yi wa suna tafiya lafiya. Abin da masana suka bayyana shi ne, bawul ɗin nan da makanikai ke kira EGR aikinsa mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don zafin ƙuna ya ragu, iskar guba ta ragu. Amma yawan aikinsa yana ƙara kunkunniya, ita kuma rariyar salansa ce ke tare ta, ta ƙone ta in mota ta yi doguwar tafiya ta yi zafi. Masu motoci da yawa a Ingila da Jamus sun koka cewa bayan gyaran ƙarfi ya ragu, mai ya ƙaru, bawul yana mutuwa. Kamfanin Volkswagen ya musanta cewa gyaran ne sanadi. Ga kuma namu na gida: an ƙera waɗannan injina don gas ɗin Turai wanda farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa mun yi shekaru dokarmu tana yarda da har 3,000, kafin ƙasashen Afirka ta Yamma su amince da 50 a 2020. Ban da wanda ake sayarwa a jarka bakin hanya, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka zuba masa. Ke nan cushewar tana iya zama tsohuwa, ta zo da ita daga can, tana kuma iya zama a hannunka ta faru.

Wannan ba malami ke rabewa ba, masana sana'ar ne. Ku sami makanikai biyu amintattu waɗanda ba na dila ba, ba kuma wanda ya ba ka shawara ba, su kwance bawul ɗin a gabanku. Dattin shekaru ba ya kama da na wata biyu, kuma sau da yawa kwamfutar mota tana riƙe da kilomitar da matsala ta fara. In suka ce tsoho ne, magana ta ƙare.

In ya tabbata tsoho ne, mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ta ba ka ɗayan biyu: ka riƙe motar ba tare da an ba ka komai ba, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka cif. Sai in wani sabon aibi mai girma ya same ta a hannunka, kamar ka yi karo da ita. A nan ko ka riƙe a biya ka ƙimar tsohon aibin, ko ka mayar ka biya abin da sabon ya rage. Yadda ake lissafin kuwa, a misali, ka saya miliyan 9, masana suka ce lafiyayyarta miliyan 10 ce, mai aibin miliyan 8. Ragin ɗaya bisa biyar ne, sai a cire ɗaya bisa biyar na abin da ka biya, wato miliyan 1 da dubu 800. In kuma kun zauna kun daidaita a kan ya sake maka bawul ko ya rage maka wani abu ka riƙe motarka, sulhu ne, ya halatta, kuma ni shi na fi so muku.

Kuɗin lodin da ka samu a wata biyun nan naka ne, dila ba shi da ko kwabo a ciki. Dalili hadisin Nana A'isha ne cewa amfanin kaya na wanda asararsu ke wuyansa ne. Da motar ta ƙone a hanyar Kumo kai za ka yi asara, don haka ribarta ma taka ce. Abin lura, babbar kotun Jamus da ta yanke wa Volkswagen hukunci a watan Mayu na 2020 ta ce a mayar wa mai saye kuɗinsa, amma a cire na tafiyar da ya yi da motar. Shari'armu a nan ta fi tausaya wa wanda aka zalunta.

Sai dai ga gargaɗi. Wanda ya ga aibi ya yi shiru ya ci gaba da lodi, malamai suna ɗaukar wannan yarda ce, haƙƙin mayarwa ya faɗi. Sun yi wa matafiyi uzuri, wanda aibin dabbarsa ya bayyana a hanya ba shi da yadda zai yi sai ya hau ta ya iso gida. Kai ma ranar Kaltungo kana da wannan uzuri. Yanzu da ka iso, in mayarwa kake so, ka ajiye mota, ka kafa shaidu biyu cewa ba ka yarda ba. Na san ajiye mota ga mai iyali ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa nake cewa kada maganar ta kwana.

Batun "yadda ka gani haka ka saya", wannan shi ake kira cinikin barranta daga aibi. A mashhurin ra'ayin Malikiyya, ba ya amfanar mai sayar da kaya irin wannan. Hanafiyya sun inganta shi, amma ko a wurinsu bai wanke wanda ya san aibi ya ɓoye daga zunubi ba. Balle ma dilanka ya rushe maganarsa da hannunsa ranar da ya rubuta garanti, domin Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alkawura, Annabi kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ko bawul yana cikin kalmar "inji"? A koma ga al'adar kasuwar motoci ta Gombe, a tambayi dattawan diloli. In sun ce yana ciki, gyara ya hau kansa. In sun ce garantin inji a wurinsu bugawar inji da shan baƙin mai kawai yake nufi, to garanti ba ta kama shi ba, amma haƙƙin mayarwa saboda tsohon aibi yana nan daram, don shi shari'a ce ta ba ka, ba dila ba. Sharaɗinsa na kada a taɓa birenbos kuwa ingantacce ne, ya zama dole a kanka kamar yadda garanti ta zama dole a kansa. Saura wata ɗaya, kada ka ƙone hujjarka da hannunka. In ya ƙi sulhu a gaban shugabannin diloli da na ƙungiyarku ta direbobi, ga alƙali, ga kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Shawarar bakanike kuwa, abin da nake gani shi ne bai halatta a fasa rariya a toshe bawul don neman ƙarfi ba. Mota za ta ja, wannan gaskiya ne, amma kunkunniyar da rariya ke tarewa ba ɓacewa za ta yi ba, huhun mutane za ta koma. Kwandastanka, mai shayin tasha, yarinya mai tallan gyaɗa, almajirin da ke tsaye bayan mota kana ɗumama inji da asuba. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Annabi ya ce ba cuta, ba cutarwa. Za ka ce Malam, ga tireloli nan suna turnuƙe gari ba wanda ya ce musu kanzil. Haka ne, amma ba a kansu aka tambaye ni ba, kuma kai na'urar tana jikin motarka, da gangan za ka cire. Wanke bawul, sake shi da wani, ƙone dattin rariya ko sake ta, shan gas a gidan mai da ka amince da shi, duk wannan halal ne, shi ne ma gyaran. In mota ta tsaya maka a daji aka yi mata dabara don ku iso gari, lalura ce, ana ƙaddara ta gwargwadonta, in an iso a mayar da abu yadda yake. A gefe guda kuma, abin cikin salansar nan da ake kira indomi yana da kasuwa saboda ƙarfe mai tsada da ke jikinsa. Ban zargi bakanikenka ba, amma duk wanda ya ce a fasa, ka tambaye shi ina za a kai abin da aka fasa.

Tambayarka ta ƙarshe amsarta e, dole ne. Uƙba ɗan Amir ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. Kuma bayani filla-filla ake so, ba "ka dai san tokumbo" ba. Ka ce an yi mata kiranye, bawul yana cushewa, ba ta hawa da kaya, in an cire wani abu ka faɗi abin da aka cire. Dillalin da ya sani ya yi shiru don la'adarsa shi ma yana cikin laifin. Wanda kuma ya kai mota a goge wutar gargaɗi da kwamfuta da safe ya kai ta kasuwa da hantsi, ya ɗaure hantsa, kuma mai saye yana da haƙƙin dawo masa da ita ranar da wutar ta sake kamawa.

Wallahu a'alam.