Ba soso ke riƙe ƙirji ba

Ɗana, na ga saƙonka tun bayan la'asar, ina cikin Babbar Kasuwar Yamai ina cigiyar zif da lastik shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ka ce Hajiyar nan da ka ɗinka ma rigar shadda mai sutiyen, wato rigar nono mai soso, a ciki ta maido ta, wai in ta ɗaga hannu soson sai ya hau sama, kafaɗunta kuma suna ciwo tun ba a tashi daga biki ba, kana tambaya ko ka sa soso mai kauri ka ƙara matse kafaɗa. Kar ka kuskura. In ka yi haka rigar za ta sake dawo maka tun ban iso Tawa ba.

Soso siffa kawai yake bayarwa, ba ya ɗaukar nauyin komai. Ka duba mace mai goyo, yaro ya kusa kilo goma a bayanta, tana daka tana shara, akwai igiya ko ɗaya a kafaɗarta? Zane da majanyi ne sunka zagaye jiki sunka kama. To haka rigar nan take. Abin da ke riƙe ƙirji shi ne ɗamarar da ke zagaye jiki daidai ƙarƙashinsa, kafaɗa aikinta ta hana kaya karkacewa ne kurum. Kai kuwa ka liƙa soso biyu a jikin shafi, ƙasa sake, sai nauyin duka ya rataya a wuyan baiwar Allah, ina kafaɗa ba za ta yi ciwo ba.

Mu fara daga awo. Kai namiji ne, ba ka sa hannu a wurin nan, ka ba yarinyar da ke yi mana surfila metir ta shiga da ita bayan labule, in ba ta nan ka miƙa ma mai rigar ta zagaya da kanta kai kana karanta lamba daga gefe. Kuma ba a bisa hijabi ko lafaya ba, in ba haka ba hijabin ka auna. Awo biyu nake so: na ƙarƙashin ƙirji, metir ya kama jiki sosai bayan ta saki numfashi, sai na inda ƙirjin ya fi cika, wannan a sake, ba a matsawa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce zurfin soson da za ka ɗauka. A lissafin Turai santi 12 zuwa 14 A ne, 14 zuwa 16 B, 16 zuwa 18 C, 18 zuwa 20 D. Misali ƙasa 85 sama 104, tazara 19, D ke nan. Kar kuma kiliya ta ruɗe ka da "ni 100 nake sawa", lambar Faransa tana ƙara 15 a kan ta sauran Turai, abin da wasu ke rubuta 85 su 100 suke rubutawa, ga kayan bosho da ke zuwa daga ko'ina kowa da lambarsa. Metir ɗinka ka yarda da shi. Ka ƙara awo na uku, daga gindin wuya a kafaɗa zuwa kan ƙirji, nan ne tsakiyar soso zai zauna, kuma nan ne yawancin teloli ke yin cinta.

Yanzu ɗinkin. Ka ɗauka riga biyu kake yi, ƙarama a cikin babba. Shadda da atamfa saƙar auduga ce ba ta miƙewa, ba za ka iya matse ta har ta riƙe ƙirji ba sai dai ka hana mace numfashi, don haka ta waje ka bar ta ta zuba yadda Hajiya ke so. Ta cikin ce mai aiki. Tana haɗuwa da ta waje a wuya da kafaɗa da hammata da bakin zif, amma ƙasanta a sake yake, ba ka ɗinke shi da shadda, shi ya sa in ta ɗaga hannu ta waje za ta motsa ta ciki tana nan inda take. A ƙasan nan za ka sa lastik mai faɗi, santi 3, ga mai jiki ko 4, mai laushi a gefen da ke taɓa fata. Siririn lastik na wandon yara naɗewa yake ya zama igiya ya yanke ta. Tsawonsa ya gaza awon ƙasa da kamar kashi ɗaya cikin goma, mai 85 ka yanka mata 76, amma lastik ba duka ɗaya ba ne, ka ba ta ta zagaya ta ji, yatsa biyu su shiga ƙarƙashi ba wuya ba kuma sakwa-sakwa ba. Gaban ƙaramar rigar ka yi shi da auduga ninki biyu da pens, wato ƴar naɗewar da ake ɗinkewa don yadi ya ɗauki siffar ƙirji, ko yankan da ke bi ta kan ƙirji, bakin pens ya tsaya santi 2 ko 3 kafin tsakiya, in ya kai can sai ya yi tsini kamar malfa. Bayan kuwa yadi mai miƙewa.

Tsohon keken Butterfly da kake kai miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya, in ka bi lastik da shi ranar farko zaren zai tsinke. Ko ka hau keken zigzag in akwai wuta, ko ka yi masa gida kamar na tazuge ka zura shi ka kama bakinsa biyu da gefe-gefe don kar ya murɗe.

Soson kuma aljihu za ka yi masa, da ƴar ƙofa ta gefen hammata, a cire a mayar. Wannan da kunya na koye shi. Ina aparanti kamarka na ɗinke soso ƙam a rigar wata amarya, bayan wanki anka kai ta wurin masu bugu, ka san su ba ruwansu, sunka shimfiɗa bisa gungume sunka yi ta lafta mata, rigar ta dawo tana ƙyalli soson ya zama kamar waina da anka taka. Maigidana bai ce min komai ba, farke ta kawai ya sa na yi a gaban mutane. Dutsen guga na gawayi ma ƙona shi yake. Ga zafin Tawa, watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, soso mai kauri da shafin nailan zufa suke tarawa har ƙuraje su fito ƙarƙashin ƙirji, to ka nemi siriri, abin da ke taɓa fata kuma ya zama auduga, ka jiƙa ta ta bushe kafin ka yanka don tana tsukewa. Ƙarfen nan na ƙasan sutiyen ka bar shi tukuna, hannunka bai kai ba. Balen na roba, wato siririn tsinken da ke tsaida riga kar ta lanƙwashe, guda ɗaya a kowane gefe ya isa ga mai jiki, ka kankare bakinsa ya yi laushi ka naɗe shi da ƙyalle.

Gobe ka farke soson, shaddar kar ka taɓa ta. Ka kira Hajiya ka ba ta haƙuri, ka sake awo, ka haɗa ƙaramar rigar da ɗinkin hannu tukuna. Ranar gwaji kar ta tsaya gaban madubi ƙiƙam ta ce ya yi, a ce mata ta ɗaga hannu biyu, ta zauna bisa kujera, ta sunkuya kamar mai ruku'u. In lastik ya hau ta baya ya yi sake, ka rage santi 2. In ta ce zama na tokare ta, ka ƙara. Kuɗin gyaran kar ka karɓi ko dala, na shago ne. Lastik mai santi 4 yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburin yanka, ka yi da shi kafin in kawo sabo.