An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amsa Ga Masu Ƙirga Kalorin Kokwamba

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan rage ƙiba suka zo, kamar an haɗa baki. Ga waɗanda na tsamo.

Tambaya: Anti, ina zaune a Agege ta Legas, 'ya'yana uku. Tun haihuwar autana jikina bai koma ba. Na sauke manhajar ƙirga kalori a waya, yanzu ko kokwamba zan ci sai na ɗora a sikeli, har maigida ya fara yi min dariya. Wata ƙawata ta ce 'ya'yan itace da ganye ba a ƙirga su, wata kuma ta ce su ma suna sa ƙiba. Wa zan bi? Wallahi abin ya fara hana ni barci.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Jikin da ya ɗauki ciki uku ba a yi masa garaje, kuma in har yanzu kina shayarwa, ba lokacin takura wa cikinki ba ne. Ƙawayen naki kowacce ta riƙo gefe ɗaya na gaskiya.

Duk abin da ake ci yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, amma ba duka ne suka cancanci sikeli ba. A giram 100, kokwamba tana da kalori kusan 15, tumatir 18, kabeji 25, karas wajen 40. Ko rabin kilo na kokwamba kika zauna kika cinye, kalori 75 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kuwa kusan 120 ne. To cokali nawa kika zuba a miyar jiya? Shi kin auna? Nan ne aka bar jaki ana dukan taiki. Alayyahu bai taɓa sa kowa teɓa ba, man da yake iyo a ciki ne mai laifin. Dubi miyar ganyen maƙwabtanmu Yarbawa, efo riro, da muke rububi a buka: ganye ne fal, amma manjan da ke kwance a samanta shi ne lissafin. Haka kwaɗon zogale ko rama in ya sha ƙuli-ƙuli da mai. Haka salak ɗin biki da aka lulluɓe da bama, wadda babban cokalinta ɗaya ya kusa kalori 100.

Don haka ganye da kayan lambu masu ruwa ki ci ki ƙoshi, ba sai kin rubuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu kullum, kuma ba ta sa dankali da rogo da danginsu masu sitaci a cikin wannan lissafin ba. Su ɗin a layin tuwo da shinkafa za ki ajiye su, har da doya da agada. 'Ya'yan itace kuma ki san su da ido kawai: kankana kalori 30 a giram 100, gwanda wajen 43, lemu 47, abarba 50, mangwaro 60, ayaba kusan 90. Biyu ko uku a rana ba za su ɓata miki aiki ba. Sikelin ki mai da shi kusa da galan ɗin mai da gwangwanin suga, can ne aikinsa yake. Maigida kuma ki ce na ce ya rage dariya, ya riƙa taho miki da kankana.

Tambaya: Hajiya, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, harkar albasa nake yi. Wata biyu ke nan na daina cin tuwo da dare, 'ya'yan itace kawai nake ci: ayaba kamar biyar, dabino kamar goma, da ɗan gyaɗa. Amma tumbin ko gezau.

Alhaji, ai tuwon ka canza wa suna. Ayaba matsakaiciya ɗaya kalori kusan 100 ce, biyar 500 ke nan. Dabino busasshen abu ne, ruwan ya tafi suga ya zauna, giram 100 ya kai wajen 280, don haka goma ko ƙanana ne sun haura 200. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya kusan 170, kuma ni da kai mun san “ɗan gyaɗa” a bakin ɗan kasuwa ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Ka tasam ma 900 kana murna ka rage ci. Kana zaune a kasuwar da motocin kabeji da karas da tumatir suke sauke kaya daga Arewa kullum, me ya kai ka? Ayaba ɗaya, dabino uku, sauran gurbin ka cike da kankana ko yalo. Sannan ba ka faɗa min kwalaben lemo nawa kake sha da rana ba. Kwalbar roba ɗaya mai rabin lita ta kai kalori 200.

Tambaya: Anti, gaskiya ne tuffa da inibin kanti na ƙasar waje sun fi namu rage ƙiba? A Lekki nake aiki, na ga su uwar ɗakina take ci.

A'a. Tuffa kalori 52 ce a giram 100, inibi kusan 70, ga gwanda da kankana na ƙasa da su duka. Uwar ɗakinki tana da kuɗin, ke albashi kike jira. Kuɗin 'yar robar inibi ɗaya ki kai wa mai baro a bakin titi ki ga abin da zai ɗaure miki a leda.

Tambaya: Anti, na ga wani shayin rage tumbi a Instagram, mai sayarwa ta ce zalla ganye da 'ya'yan itace ne, ba kalori ko ɗaya, kuma za a sauke kilo biyar a sati ɗaya. Na riga na tura rabin kuɗi. Biki gare mu a Idi-Araba ƙarshen wata. In cika?

Kada ki cika, 'yata. Rabin da kika tura ki ɗauka kuɗin makaranta kika biya. Kuma ku yi haƙuri, a nan zan daɗe, don wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Mu yi lissafin kasuwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kilo biyar 38,500 ke nan. Mace baliga tana ƙona wajen 2,000 a rana, wato 14,000 a sati. Ko da za ki rufe bakinki sati guda ba ki sa ko loma ba, ba za ki ƙona kilo biyu na kitse ba. To kilo biyar ɗin daga ina zai fita? Daga banɗaki. Yawancin irin wannan shayi abin da ke aiki a cikinsa ganyen sa gudawa ne, dangin filaskon da kakanninmu suke jiƙawa don wankin ciki, wani kuma a haɗa da mai sa yawan fitsari. Ruwan jikinki ne zai zube, sikeli ya yi ƙasa, ki ɗauki hoto ki tura mata ta ƙara jawo wasu, bayan kwana uku kin sha ruwa nauyin ya dawo inda yake. A tsakani kuma gishirin jiki ya tafi, jiri ya zo, hanji ya saba sai an tura shi. A garin da mutum kan yi awa biyu a danfo cikin cunkoso, ki yi tunanin murɗawar ciki a tsakiyar gadar Third Mainland. Ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya ni ma na saya a hannun wani mai talla a mota, baki kamar zuma, kwana biyu na yi ina rarrafe tsakanin ɗaki da bayi, ƙarshe sai da aka ƙara min ruwa.

Wannan ma mai sauƙin ke nan. Akwai wani maganin rage ƙiba, sibutiramin, da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bayan janyewar, hukumomi sun sha gano shi ɓoye a cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa “zalla ganye”. Ke da ba ki san hawan jininki ba, ki sha abin da ba ki san me aka zuba ba, don leshi ya zauna ranar biki? Kwalin ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba adireshin kamfani, ba ranar lalacewa, sai lambar waya da hoton wata mata kafin da bayan. Wani ma lambar yana da ita, amma ta bogi ce, an kwafo daga wani kwali. Abin da ya fi ba ni haushi, matar da za ta tsaya minti goma tana ja-in-ja da mai tumatir a Oyingbo kan ƙarin ƙwaya biyu, ita ce za ta tura dubbai ga wadda ba ta taɓa gani ba, ba tayi ba ragi. Masu “wankin jini” da ruwan 'ya'yan itace na kwana bakwai su ma jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Hanta da ƙoda ne suke tace jiki, Allah Ya ba ki su kyauta.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saukar da likitoci suke yarda da ita. Kafin ƙarshen wata ki yanke lemon kwalba, ki rage mai, ki riƙa sauka tasha ɗaya kafin taku ki taka. Ragowar kuɗin ki ba tela ya saki ɗinkin.

Tambaya: Ruwan ɗumi da lemun tsami da sassafe yana narkar da kitse?

Kitsen kwano yake wankewa, shi ma sai da sabulu. In kana jin daɗinsa ka sha, amma mai olsa ya kiyaye, kuma in ka zuba zuma babban cokali ka ƙara kalori wajen 60.

Tambaya: Anti, mahaifiyata tana da ciwon suga, muna Obalende. Na sayi bilenda ina matsa mata lemu da abarba ina tacewa safe da yamma, don ta rage nauyi. Daidai nake yi?

Allah Ya yi miki albarka da kula da Mama, Ya ba ta lafiya. Amma ki dakata da tacewar nan. Kofi ɗaya na ruwan lemu sai an matse lemu uku ko huɗu, kalori wajen 110, kuma tuƙar da kike zubarwa ita ce take rage wa suga gudu zuwa jini, ita ce kuma take riƙe ciki. Wa zai zauna ya ci lemu huɗu a jere? Amma a kofi, kurɓa biyar an gama. Ki yanka mata ta tauna, kaɗan-kaɗan, tare da abinci. Adadin kuwa ba ni zan yanka ba, ranar asibiti ki bi ta ki faɗa wa likita abin da take ci da maganin da take sha, musamman in ƙodarta ta taɓu, don akwai 'ya'yan itacen da ake taƙaita wa mai ciwon ƙoda, irin su ayaba da lemu.

Sannan ki buɗe ido wajen saye. NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu nunar da ayaba da mangwaro da agada da sinadarin kabayit, wanda masu walda suke aiki da shi. Ayabar da ta yi rawaya fes amma wuyanta kore shar, ba ƙamshi, ciki da tauri, ki ajiye wa mai sayarwa abinsa. Yankakkiyar kankanar da ta wuni a leda cikin rana ita ma kada ki kai wa Mama. Ki sayi guda, ki wanke bayanta, ki yanka a gida da wuƙarki.