Tambayoyinku kan fasaha: direban da ke aiki karon farko, ya ƙi a na biyu

Tambaya: Malam, allon kwamfutata mai Windows 11 yakan yi baƙi ƙirin alhali sauti na ci gaba da fita. Dole sai na kashe na kunna?

Amsa: A'a. Danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, ya farfaɗo. In abin ya zama na kullum, sauko da sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera katin hoton.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗalibi ne ni, ina rubuta direban wani katin PCIe a Linux. In na ɗora shi da insmod yana aiki lafiya lau. Amma in na sauke da rmmod na sake ɗorawa, sai request_irq ta dawo mini da -16, wani lokacin ma kwamfutar ta sanƙare gaba ɗaya. Anya ba kanel ɗin ne ke da matsala ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kanel ɗin, wato zuciyar Linux, da ke ɗora direbobi yana sauke su a miliyoyin na'urori kullum bai jira isowarka ba kafin ya lalace. Laifin na direbanka ne, kuma wannan ciwon ya ishe ni: kowa ya iya karɓa, mayarwa ce ta gagara.

Lambar -16 ita ce EBUSY, wato layin IRQ da kake nema yana hannun wani, kuma wanin nan kai ne, a ɗorawarka ta farko. IRQ ƙararrawa ce da na'ura ke kaɗawa kanel, shi kuma ya kira aikin da ka yi wa rajista da request_irq, wato mai amsawa. Ka rushe ɗakin ka bar ƙararrawar a haɗe, don haka da an kaɗa sai kanel ya yi tsalle zuwa adireshin da babu kod ɗinka a ciki. Sanƙarewar ke nan. Bayan rmmod ka duba /proc/interrupts. In sunan direbanka na nan, magana ta ƙare. Kada ka yi mamaki in dubawar ma ta jawo haɗari, domin sunan da kanel zai karanto yana cikin memorin da aka riga aka saki.

Na san za ka ce ai ka kira free_irq. Da me ka kira ta? Abu na ƙarshe da ka miƙa wa request_irq, wanda ake ce wa dev_id, shi ɗin dai za ka miƙa wa free_irq. In ka karɓa da tsarin bayananka ka zo mayarwa da pdev, wato bayanan katin na kanel, kanel zai rubuta "Trying to free already-free IRQ" a dmesg, wato kundin saƙonninsa, ya bar layin yadda yake. Ya gaya maka tun tuni, kai ne ba ka karanta dmesg. Sannan ka bi hanyoyin fita na probe, wato aikin direbanka da kanel ke kira don shirya katin, ɗaya bayan ɗaya: in wani mataki ya gaza bayan ka karɓi IRQ, wa ke mayar da shi?

Jerin sauka kuma ba a yin sa yadda aka ga dama. Fara rufe bakin na'urar a rajistocinta ta daina kaɗawa. Sai free_irq, wadda ke jiran duk mai amsawar da ke tsakiyar aiki ya gama, shi ya sa ba a kiran ta ana riƙe da makullin da mai amsawar ke buƙata. Sai cancel_work_sync da tsayar da duk wani agogon da ka kunna. Bayan nan pci_free_irq_vectors, sannan iounmap, kfree a ƙarshe. In ka saki layukan MSI, wato IRQ da katin ke aikawa a matsayin saƙo, kafin free_irq, za ka ga remove_proc_entry na kukan cewa an ce ta goge jakar irq da ba fanko ba.

Masu son sauƙi za su ce ka koma devm_request_irq, wadda ke sa kanel ya mayar da layin da kansa, ka huta. Tana da amfani, amma ka sani ba ta mayar da layin sai bayan remove ɗinka, wato aikin direbanka na sauka, ta gama. Idan a cikin remove ka yi kfree da hannunka, akwai ɗan tsakanin da mai amsawa ke raye, bayanansa kuwa sun tafi. Ko dai komai ya bi devm bisa jerin da ya dace, ko ka saki komai da hannu. Gaurayawar ce ke kashe mutane, ni kuwa na fi son na hannu don ina ganin jerin da idona.

Akwai abin da ko littattafan koyo ba su cika nanatawa ba. A ɗorawar farko katin sabon tashi ne, yana shiru. A ta biyu yana nan yadda ka bar shi, wataƙila da saƙon da ba a amsa ba, kuma zai iya kaɗawa a daidai lokacin da request_irq ta kammala. Saboda haka a probe ka mayar da katin farkonsa, ka shirya makullai da memori, sannan ka nemi IRQ. In layin na tarayya ne kuma ba wanda ya amsa, kanel yana ƙirgawa: in aka kasa amsa 99,900 cikin 100,000 sai ya rubuta "nobody cared" ya rufe layin, maƙwabtanka a layin su sha wahalar da ba su jawo ba. Kada kuma ka adana lambar IRQ ta jiya, da MSI tana iya canzawa, ka nemo ta da pci_irq_vector kowane karo.

Gwajin da nake tilasta wa kowa: rubuta ɗan madauki mai ɗorawa da saukewa sau ɗaruruwa alhali katin na cikin aiki, a kanel mai KASAN, mai kama kurakuran memori, da CONFIG_DEBUG_SHIRQ. Na biyun yakan kira mai amsawarka da gangan lokacin free_irq a layin tarayya don ya ga ko za ka faɗi. Haɗa netconsole domin saƙon ƙarshe ya isa wata kwamfutar. Kuma don Allah ba a kwamfutar da aikin makarantarka yake ba.

Tambaya: Malam, Wi-Fi ɗina na Intel yakan ɓace in kwamfuta ta farka daga barci. Na gwada sauke iwlwifi, aka ce ana amfani da shi.

Amsa: 'Yar'uwa, akwai wani direba a kansa. A yawancin katunan zamani iwlmvm ne. Rubuta sudo modprobe -r iwlmvm iwlwifi, sannan sudo modprobe iwlwifi.

Tambaya: Na ga ana cewa rmmod -f na sauke duk direban da ya ƙi sauka. In gwada?

Amsa: Kada ka soma. Ba ya aiki sai an gina kanel da CONFIG_MODULE_FORCE_UNLOAD, kuma in ya yi aiki, ka fizge kod ɗin da wani ke tsakiyar amfani da shi. Duba lsmod ka ga wa ke riƙe da direban, ka sallame shi tukuna.